Taku ɗaya da ya kusa raba ni da Baba 🧵

1/ Jama'a, yau ba siyasa, ba ƙwallon Turai. Labarin ƙafata ta dama zan ba ku, yadda matsar da ita taku ɗaya tak ya sa na sha kashi a Dutse, ya cinye mini takalmi, ya kusa ɓata tsakanina da dattijon da ya koya mini tanis. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Eh, tanis. Na raket da raga, ba na tebur ba. Na san wani zai ce "tanis kuma a Jigawa?" Akwai, mutumina. Yawa ne ba mu da shi. Mu da muke haɗuwa a Birnin Kudu, motar haya ɗaya za ta kwashe mu har da sauran kujera.

3/ Ni ɗan Gwaram ne. A 2021 na koma Birnin Kudu, shagon gyaran waya na kawuna. Kafin nan ƙwallon tebur nake bugawa a gindin darbejiya, wanda aka ci shi ke biya. Tun da Aruna Quadri ya kai kwata fainal a gasar Olamfik ta Rio a 2016 nake jin kaina ƙaninsa 😂

4/ Wata rana da yamma na je kai wa wani wayarsa, na bi ta wani tsohon filin siminti, duk ya tsattsage, ciyawa ta fito. Sai ga dattijo shi kaɗai da bokitin fenti cike da ƙwallayen da gashinsu ya ƙare. Ya buge su duka, ya zagaya ya tsince, ya dawo ya sake.

5/ Na tsaya. Bai ko ɗago ba ya ce, "Yaro, kallo ba ya tsince ƙwallo." Wata biyu ina aikin tsinta kafin ya miƙo mini raket. Baba muke ce masa. Tsohon malamin makaranta ne, a Kano ya koyi wasan tun zamanin raket ɗin katako.

6/ Ga waɗanda ba su san wasan ba: sabis shi ne bugun da ake buɗe kowane maki da shi. Kana bayan layin ƙarshe, ka cilla ƙwallo sama, ka doke ta ta haye raga ta sauka a akwatin da ke gicciye da kai. Dama biyu gare ka. Ka ɓarar da duka, maki ya tafi.

7/ Tsawon filin mita 23.77 ne. Raga a tsakiyarta santimita 91 da ɗoriya. Akwatin kuma mita 6.40 kacal daga raga. Dogo daga sama yake sako ƙwallo. Gajere irina, ƙofar da za ta bi tsakanin raga da layi 'yar mitsitsiya ce. Ku riƙe wannan, shi ne tushen rigimar.

8/ Tsayuwar sabis iri biyu ce. Ta farko Baba na kiranta "turke". In kai badame ne, ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tsakaninsu faɗin kafaɗa. Ba wadda za ta gusa har ka lanƙwasa gwiwa ka yi tsalle. Haka Sampras ya yi, haka Federer, haka Djokovic.

9/ Ta biyu mu ce mata "ja-ƙafa". Da ka cilla ƙwallo sai ka jawo ƙafar baya ta zo ta sami ta gaba, ka tashi daga wuri guda. Nadal, Murray, Serena Williams, duk ita suka yi. Turke ta fi kafa mutum, ja-ƙafa ta fi ɗaga shi sama.

10/ Baba kuwa mutumin Sampras ne na gani-kashe-ni. "Wimbledon bakwai ya ci, ko sau ɗaya bai ja ƙafa kamar mai sharar tsakar gida ba." Wannan jumlar na ji ta ya fi sau ɗari.

11/ Shekara kusan uku ina turke. Sabis ɗina yana shiga, amma ba ya tsorata kowa. Abokai sun raɗa masa suna "sallama": ya iso cikin ladabi, a amsa masa da ƙarfi. Ina dariya tare da su, amma wallahi yana ci mini rai.

12/ Ranar Lahadi 28 ga Janairun 2024. Daren jiya Najeriya ta ci Kamaru 2-0 a gasar Afirka, gari duk zancen Lookman ake. Ni ina ƙuryar shago tun hantsi ina ƙona data, ina kallon fainal ɗin Australian Open. Medvedev ya ci zagaye biyu na farko, Jannik Sinner ya farke ya cinye uku.

13/ A nan na ji cewa Sinner da turke yake yi, a tsakiyar 2023 shi da masu horar da shi, Simone Vagnozzi da Darren Cahill, suka mayar da shi ja-ƙafa. Bayan nan ya ci Toronto a Agusta, Italiya ta ɗauki kofin Davis a Nuwamba, ga shi yau ya ci babban kofinsa na farko.

14/ Shi ke nan, na gano maganin gajarta!

15/ Abin da ban lissafa ba: shi yana da masu horarwa biyu, da kyamarori, da masu duba lafiyar jikinsa. Ni ina da waya mai fasasshen gilas da bidiyo na daƙiƙa 40 da nake maimaitawa.

16/ Ban faɗa wa Baba ba. Na san amsar da zan samu. Da azumi ya kama a Maris ya dakatar da wasa kamar yadda ya saba, ni kuma goman ƙarshe na tafi gida Gwaram. A bayan gidanmu na ja layi da toka, na mai da katanga raga. Bayan sallar Asuba kafin rana ta buɗe, ni da ƙwallo uku da ƙanina mai tsinta.

17/ Inna ta leƙo wata safiya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wai wannan rawar ta wace ƙabila ce?" Daga ranar yaran gidan suka samu abin yi. Ka ga ƙanwata da muciya tana jan ƙafa tana tsalle.

18/ Amma fa abin yana yi. Ƙarar da ƙwallo ke yi a katangar ban taɓa jin irinta daga hannuna ba. Ina jin na ƙara tsawo. Ban san rairayi ne ke riƙe mini ƙafa ba, ban kuma lura layin toka yana gogewa kullum ba. Na ɗauka iska ce.

19/ Bayan Sallah na dawo Birnin Kudu. Ga ɓangaren da nake jin kunya: a gaban Baba turke nake yi, in ya tafi masallaci in koma ja-ƙafa. Ya haɗa mana wasan sada zumunci da mutanen Dutse, daga kuɗin fanshonsa ya biya mota. Ni ne ɗan gaban goshinsa. Na ce a can zan ba shi mamaki.

20/ Na ba shi kuwa.

21/ Sabis na farko ya wuce mutumin ko taɓawa bai yi ba. Na waiga in ga fuskar Baba, ya haɗe hannu a ƙirji. Na biyu, kafin ƙwallo ta sauka na ji an ɗaga murya daga gefe: na taka layi. Na uku ma haka.

22/ Doka ce: ƙafarka ba za ta taɓa layin ƙarshe ba sai raket ya taɓa ƙwallo. Ba ta ƙyale kowa. A wasan kusa da na ƙarshe na US Open a 2009 an kama Serena da wannan laifin tana wasa da Kim Clijsters, rigimar da ta biyo baya ita ta ƙarasa wasan. Ita dai sau ɗaya ne. Ni na daina ƙirga.

23/ Da na ga haka na ce bari in koma turke. Nan ne abin tsoron. Jikina ya manta. In cilla ƙwallo, ƙafar dama ta taso rabin hanya ta tsaya, ba ta nan ba ta can. Hannun hagu ma ya rikice, ƙwallo ta yi gaba, ta yi bayan ƙeya. Shekara uku ta narke cikin minti ashirin.

24/ 6-1, 6-0. Wanda ya ci ni ya haife ni, da furfurarsa da tumbinsa. Da muka gaisa a raga ya ce, "Ɗana, hannunka mai kyau ne, ƙafafun ne ba sa ga maciji da juna."

25/ Daga Dutse har Birnin Kudu Baba bai ce uffan ba. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Mako guda ban je fili ba, in na hango shi a hanya in sake lungu. Kawu ne ya ce, "Kai, wanda ya koya maka abu kyauta ba a gudunsa. Tashi ka je."

26/ Na same shi a zaure bayan Magariba. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini." Ya ce, "Wanne? Jan ƙafar ko ɓoyon?" Na yi shiru. Ya ce, "Tun ranar da ka dawo na sani. Bakin takalminka na dama ya cinye. Turke ba ta cin takalmi. Jira nake ka faɗa."

27/ Sai ya buga gwiwarsa ta hagu. "Ni ma da ja-ƙafa na fara. Wannan ce ta hana ni. Abin da jikina zai iya nuna maka shi na koya maka." Na ce, "To Sampras fa, Baba?" Ya ce, "Sampras gaskiya ne, gwiwa ma gaskiya ce."

28/ A daren ya gaya mini abin da ban sani ba: har farkon shekarun 1960 doka ba ta yarda mai sabis ya ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa ba, dole ɗaya na taɓa ƙasa. Waɗanda suka koya masa a haka suka taso. Ya ce in doka da kanta ta sake tsayuwa, wane ne shi da zai hana ni.

29/ Washegari ya zo da karan dawa ya shimfiɗa a kan layi. "Bismillah." Bugu goma, sau bakwai na yi fatali da karan. Ashe ƙafar daman ba bayan ta hagu nake ajiye ta ba, zagayowa take ta gefe ta wuce ta. A rairayin Gwaram tana nutsewa ta tsaya. A siminti mai ƙura sulɓewa take.

30/ Kuma ba taka layi kaɗai wannan ke jawowa ba. Da ƙafar ta zagayo, ƙugu ya riga ya juyo ya fuskanci raga tun raket bai taso ba. Ƙarfin da ya kamata ya taso daga ƙasa ya bi ƙugu ya hau kafaɗa ya zube a hanya, sai hannu shi kaɗai ke aiki. Shi ya sa kafaɗata ke ciwo tun azumi, ina ɗora wa kwanciya laifi.

31/ Gyaran da ya yi mini: in ja baya daga layi kamar tafin hannu guda. Yatsun dama su tsaya a bayan dugadugin hagu, ko kusa kada su wuce. Ƙwallo kuma in ƙara mata sama kaɗan, tunda yanzu akwai taku ɗaya da ke buƙatar lokaci. Mako biyu ko raket bai bar ni na riƙe ba. Cilla, ja, lanƙwasa, cafe.

32/ Wata uku ina abin tausayi. Kowa ya ci ni, har yaron da ni na nuna masa yadda ake riƙe raket. A Yuni Sinner ya zama na ɗaya a duniya, ni kuma na ƙarshe a filinmu. Abokai suka ce sallamar ma yanzu ba ta isowa, a ƙofar gida take tsayawa.

33/ Takalmin kuwa, na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, shi ke nan gare ni. Ya huje har babban yatsa na leƙowa. Mai gyara ya liƙa masa guntun robar taya, ya ce, "Kai ko birkin mashin kake yi da shi?"

34/ Wajen ƙarshen damina abin ya zauna. Ranar da na fara gama wasa ban tuna da ƙafata ba, ranar na san ya shiga jiki.

35/ Masu tambaya ko riba ta biya wahala: sabis ɗin ya ƙara gudu, kafaɗa ta daina ciwo, an daina ce masa sallama. Amma gajere gajere ne, ban zama Sinner ba. Kuma in hunturu ya shigo da iskarsa, ƙwallon da ka cilla sama sosai sai ta yi nata wuri. Ranakun nan ina kewar turke.

36/ In za ka sake, kada ka yi ana saura mako biyu wasa, kuma ka sa wani ya tsaya a gefen layi yana kallon ƙafarka. Kai ba ka ganinta, idonka na sama.

37/ Kwanan baya wani yaro ya tsaya bakin fili da tiren gyaɗa yana kallonmu. Baba ya yi masa maganar tsintar nan, ya ajiye tiren. Makon jiya ya miƙa masa raket ya ce da ni, "Nuna masa sabis."

38/ Na kama kafaɗun yaron na juya shi, na sa hagu gaba, dama baya, na ce kada in ga ɗaya ta motsa. Sai na ji Baba daga kan bokitinsa yana dariya har da tari. Ya ce, "A'a, malam, yau kuma turke?" Na ce, "Baba, silifas ne a ƙafarsa."