Harshen Kawu

Akwai wata kalmar Faransanci da ta daɗe tana ba ni wahala a aji, wato terroir. Na gamu da ita cikin wani nassi kan yankin Alzas, inda ake miƙa wa masana kofin giyar inabi ba tare da sun ga kwalba ba, su sansana, su ɗanɗana, su ce wannan Riesling ne. Tsaminsa ke tona shi, domin inabin ƙasar sanyi ba ya gaggawar nuna. Idan kuma giyar ta shekara, takan yi ɗan warin kananzir. Ɗalibaina na Madawa suka bushe da dariya. Ni ma da ban taɓa kai giya baki ba, sai na ce kalmar tana nufin ƙasa, muka wuce.

A 2019 na zuba albashin wata biyu a noman albasa cikin fadamar Tarka, da irin da na saya da araha a kasuwa. Da aka haƙe ta a watan Maris, na kai wa kawuna guda uku. Yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Ya juya ɗaya a tafin hannu, ya matsa wuyanta, ya gatsa, ya yi shiru.

"Ɗana, wa ya sayar maka da irin nan?"

"Ɗan Galmi ne, Kawu. Haka aka rubuta a jikin gwangwanin."

"Gwangwani ba ya cin albasa. Ƴar Galmi faɗi take yi, wuyanta siriri, zafinta sai ya hau hanci. Wannan ruwa ya yi mata yawa. Sayar da ita yanzu."

Ban sayar ba. Malamin makaranta ne ni, na fi yarda da rubutu. Na zuba ta a rudu ina jiran tsadar damina, kafin watan Yuli fiye da rabi ta ruɓe.

Sunan nan na Galmi har rigima aka yi a kansa, lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallake shi. Sai a 2023 hukumar OAPI ta tabbatar wa Nijar da shi a takarda. Kawu bai ga takardar ba, ya rasu kafin nan.

Bara da muka sake isowa kan nassin Alzas, na shiga aji da albasa biyu da wuƙa, na ce kowa ya rufe ido. Wata yarinya ƴar Buza, wadda ba ta cika magana ba, ita ta fara ɗaga hannu.