Ɗakin yini a Zogbo

Shekara 19 ina zuwa Kwatano sarin atamfa da leshi, ban taɓa taka ƙofar otal ba. Mu matan Maraɗi muna da masauki a Zango, gidan wata Hajiya, ba nisa da babban masallaci. Mota ta sauke ki da asuba, ki ja jakarki har gidan, a ba ki ruwa a bokiti, a shimfiɗa miki tabarma, ki miƙa mata kuɗin sarinki ba takarda ba shaida. Ba ta taɓa karɓar kuɗin ɗaki ba. Abin da take samu la'ada ce ta yaranta da ke raka mu Dantokpa da Misebo, sai turmi ɗaya da muke ajiye mata in za mu tafi. Haka fatake suka gada a kowane zango, daga Salaga har Sabon Ibadan: baƙo yana da mai gida, mai gida shi ne ma'ajiyarsa kuma shi ne shaidarsa. Wannan na ƙarshen ban san darajarsa ba sai da na rasa shi.

Hajiya ta rasu a 2023, magada suka raba gida, ɗakunan gaba suka koma shaguna. A shekarar ce kuma aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Da na koma hanya a 2024, gadar Gaya a rufe take, sai a kwalekwale muka ƙetare kogi zuwa Malanbil, muka sake wata motar, Kandi, Paraku, Bohikon. Na iso Kwatano ƙarfe shidan safe, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kuma motar komawa da yamma za ta tashi. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in yi wanka, in yi salla a inda ba a tsallaka ni, in miƙe bayana awa biyu, in sami ƙofar da zan kulle in ƙirga kuɗi.

Akwai otal-otal kusa da Zango, wajen Jonke. Na ƙi su, don kowa ya san sunan da unguwar ta yi, kuma a nan kowane mai shayi ya san fuskata. Na ce wa ɗan zemijan, masu rigar nan ruwan ɗorawa, ya kai ni nesa, inda ba Hausawa. Ya kai ni Zogbo, can wajen Fifaji. Dabarar tawa ke nan, kuma ita ce ta kusa kashe mini aure.

Yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ya dubi hijabina, ya dubi bayana ko akwai mai biyo ni. Da ɗan Faransancin firamare na ce ɗaki nake so daga yanzu zuwa la'asar. Ya ce abu biyu ne da su: kwana, ko fasaj. A nan na koyi lissafin otal. Ranarsu daga sha biyun rana take farawa, ta ƙare sha biyun gobe. Wanda ya shigo da asuba daren jiya ake rubuta masa, in ya wuce sha biyu kuma ya shiga sabon kwana. Wato in biya kwana biyu, alhali ko dare ɗaya ba zan yi ba. Fasaj kuwa awa biyu ne, da araha, kuma ba sai an yi mini bayanin su wa ke kama shi ba. Matafiyi mai son yini kawai ba shi da gurbi a littafinsu. 'Yata da ke jami'a ta ce a Faransa har kamfani ake da shi, Dayuse, ba ya sayar da komai sai ɗakin yini, kuma abokan sana'ata masu zuwa Dubai suna kama irinsa in jirgi ya yi jinkiri, ba mai ɗaga ido. A nan kuwa kalmar kanta ta riga ta ɓaci.

Muka yi ta ja, har aka kira mai wurin, wata dattijuwa mai ƙaton giciye a wuya. Ta dubi ƙafafuna kafin ta dubi fuskata. Ta ce in ba da jika 8 in zauna har biyar. Ta sa aka canza zanen gado a gabana, ta nuna mini gabas da hannu tun ban tambaya ba.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin ɗakin nan, har yanzu kunyar faɗa nake ji. Tun da aka yi mini aure ban taɓa zama ni kaɗai a bayan ƙofar da makullinta ke hannuna ba. A gida akwai yara, a masauki mu shida ne a ɗaki. Na yi wanka ba mai buga ƙofa, na yi barcin da ban san inda kaina yake ba, na tashi na tafi kasuwa na yi sarina, na dawo na yi azahar da la'asar, na sake kwanciya ina kallon fanka tana juyawa.

Ƙarfe biyar na fito. A kan kwanar titin mai tsire yana hura wuta, cacanga suke ce masa a can. Ya ce, "Hajiya, ina wuni?" da Hausar da ban yi shakkar ta garinmu ce ba. Na amsa, na hau babur. Ashe babu unguwar da ba Bahaushe mai wuƙa da ƙuli.

Ban kai Paraku ba yayar Alhaji ta kira. Ba ta tambayi hanya ba. Cewa ta yi, "Amarya, an ce an gan ki." Shekara 24 da aure, in ta ce amarya na san akwai magana. Ban riƙe yaron a zuciya ba, wataƙila ma labari kawai ya ba wani cewa ya ga 'yar gida. Amma labarin da ya isa Maraɗi shi ne matar wane ta bar Zango ta tafi unguwar da ba a san ta ba, ta fito daga otal da rana tsaka. Kowace gaɓa gaskiya ce, shi ya sa na rasa ta inda zan fara ƙaryatawa.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kwana tara yana amsa gaisuwata a taƙaice. Na nuna masa rasit, ya dube shi ya ce, "To, ai rasit ba ya faɗin mutum nawa." Daga baya ya ce shi bai zarge ni ba, abin da ya dame shi don me na ɓoye. Na ce ban ɓoye masa ba, mutane na ɓoye wa. Ya ce, "Ai ga shi kin gani." Na so in tambaye shi inda yake sauka in ya je Sekanji sayen mota, da wanda ya taɓa neman rasit a hannunsa. Na haɗiye, don ba ranar ba ce.

Sharaɗin da aka kafa mini shi ne in riƙa tafiya da ɗan ƙanena, ni ke biyan kuɗin motarsa, abin da ya cinye kusan ribar turmi goma. Wasu daga cikin abokan tafiyata har yau a benci suke wuni a tasha, jaka a ƙarƙashin kai, su yi alwala a bayan mota. Ni kuwa Zogbo nake komawa. Yanzu da kaina nake tsayawa wurin mai tsiren, in sayi na dala ɗari biyu, in ce ya gai da mutanen gida. Dattijuwar ta buɗe wani shafi a bayan littafinta, ta rubuta kalmar da ke nufin yini a samansa. Zuwana na ƙarshe na leƙa, suna huɗu ne a ciki, uku nawa ne.