Rantsuwa Ba Ta Rage Teɓa

A tsakanin tsararrakina, mu da furfura ta gama mamaye wa kai, da wuya a yi zaman majalisa a watse ba a taɓo hirar ciwon suga da hawan jini ba. Kowa da katin asibitinsa a aljihu, kowa da abin da likita ya hana shi. Kuma kusan kowa ya taɓa rantsewa: daga yau na bar lemon kwalba, na bar shinkafa, ni da cin dare har abada. Kafin wata ya zagayo sai ka tarar da mai rantsuwar a gidan suna, ya naɗe hannun riga, faranti a gabansa. In ka dube shi sai ya yi murmushin jin kunya ya ce, "To ya za a yi, zuciya ba ta da ƙashi."

Na san waɗannan mutane tun muna samari, kuma babu rago a cikinsu. Akwai wanda ya yi wa 'ya'ya goma karatu da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba. Akwai matar da ta shekara talatin tana tashi kafin kiran assalatu don suyar waina. Juriya kam suna da ita. Matsalar ita ce sun ɗora mata kayan da ba nata ba: suna so ta yi gadi dare da rana, alhali gidan yana nan yadda yake, cefanen bai canza ba, hanyar da suke bi kullum ita ce dai wadda ta ratsa ta gaban mai tsire. Niyya kamar ashana ce, ita ke kunna wuta amma ba ita ke dafa tuwo ba.

Watan azumi ne ya fi fahimtar da ni wannan. Mutumin da ba ya iya kaiwa hantsi bai kurɓi shayi ba, shi ne zai wuni tun daga alfijir har faɗuwar rana, ko da azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, bai sa ko ɗigon ruwa a baki ba. Imani ne kan gaba, babu ja. Amma a dubi abin da ya kewaye shi. Mai shayi bai kafa tebur ba, mai ƙosai ba ta hura wutar safe ba, tukwane a kife suke, babu mai ce masa bisimilla. Gari gaba ɗaya ya sauya tsari, har tambayar "in ci ko kada in ci" ba ta ma tasowa. Wanda ya taɓa ramuwa ko azumin nafila shi kaɗai, ana girki a gabansa, ya san bambancin. Sannan a dubi mutumin nan da magariba. Tire ya sauka: kunun gyaɗa ya sha sukari, ga ƙosai, ga soyayyen dankali da ƙwai, ga lemo mai sanyi, bayan asham kuma tuwo na jira. Wanda ya riƙe bakinsa wuni guda sai ya kasa riƙe shi na minti goma. Shi ya sa wasu ke fita daga azumi rigar sallarsu ta matse su. Zuciyar ita ce dai ta ɗazu, abin da ke gabanta ne ya canza.

Akwai kuma abin da masu horar da kansu da yunwa ba su sani ba: jiki yana rama faɗa. A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya tara samari 36 lafiyayyu don a gane abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Samarin mutane ne masu tsayuwa kan aƙida, domin sun ƙi ɗaukar makami saboda abin da suka yi imani da shi, kuma da kansu suka ba da kai. Aka rage musu abinci da kusan rabi har wata shida, suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki suna lashe faranti. Da aka sake musu mara suka yi ta ci ba ƙoshi, har kitsen wasu ya zarce na da. A shekarar 2016 ma, wani mai bincike, Kevin Hall, ya bibiyi mutum 14 da suka zabge ƙiba cikin gaggawa a wata gasar talabijin a Amurka. Bayan shekara shida kusan dukansu nauyin ya sake hawa, jikinsu kuma yana ƙona wajen kalori 500 ƙasa da abin da ya dace da girmansu a kowace rana. Wanda ya gana wa cikinsa azaba na mako uku sannan ya faɗa wa tukunya, bai kamata ya zargi halinsa ba. Ya ja daga ne da halittarsa.

Na ga wanda ya ci nasara a kusa da ni, wani aminina da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Likita ya gaya masa sugansa ya fara hawa, in bai rage tumbi ba ciwon na nan tafe. Bai rantse da komai ba. Ya zauna ya duba inda abincin ke shigo masa ba da shawararsa ba. Na farko kular tuwo, wadda ake ajiye masa gaba ɗaya, yana sauraron rediyo yana kai loma har sai ya ga ƙasanta. Ya ce wa maiɗakinsa, "Hajiya, daga yau ki zubo mini malmala ɗaya a faranti, ki cika miya, sauran ki bar shi a kicin." Ta ce, "Haba Alhaji, so kake a ce ina yi maka horon yunwa a gidanka?" Ya ce, "In ban ƙoshi ba ni da ƙafata zan biyo ki." Tashin nan da zuwa kicin, da kunyar roƙon ƙari, su suka yi masa abin da wa'azin likita bai yi ba. Na biyu, in an idar da isha yakan biyo ta bakin titi inda mai tsire da mai shayi ke jere. Sai ya koma bin lungun baya. Na uku, sallar asuba ya mayar da ita wani masallaci mai ɗan nisa, tafiyar ƙafa ta samu ba tare da ya kira ta motsa jiki ba. Bikin da aka gayyace shi yana zuwa, ya ci rabonsa, washegari ya koma kan tsarinsa. Kafin shekara ta zagayo sai da tela ya rage masa ƙugun wanduna.

Shayi ma bai bari ba, sukarin ya riƙa ragewa cokali-cokali har harshensa ya saba. Wanda duk ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi ya san yadda ake yi: a dumbuza sukari da babban cokali sau uku ko huɗu, a tuttula madarar gwangwani, a shiga sheƙawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, ga burodi an shafe shi da bota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a wuni ya wuce wajen giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Kofin nan ɗaya na iya cinye kason yini, babbar robar lemo kuma takan ɗauki sama da cokali 10. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba ta hana mai ƙishi a watan Afrilu. Abin da ke hana shi shi ne ya buɗe firij ya tarar da ruwa da zoɓo marar sukari.

Sabo yana son lokaci, mutanenmu kuwa gaggawa gare su. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta sa mutum 96 kowa ya zaɓi ƙaramin abu ɗaya da zai riƙa yi kullum, kamar cin 'ya'yan itace tare da abincin rana. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna cewa a tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu kwana 18 kacal, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Abin da ya fi burge ni shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mutanenmu da yawa abin da ke kayar da su ke nan: sun sha lemo ɗaya a wurin ɗaurin aure, sai su ce tunda alwala ta karye bari a ƙarasa, su watsar da wahalar wata biyu.

Kuma abin da ake nema bai kai yadda ake tsoro ba. Wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga, wanda aka fitar a 2002, ya ɗora wasunsu kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, wasu kuma aka ba su ƙwaya. A rukunin farko kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da na waɗanda aka ba ƙwaya. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da ɗoriya. Babu buƙatar shayin rage teɓa da ake talla a Facebook, wanda galibi gudawa kawai yake sa mutum, kamar yadda 'yan mata ba su da buƙatar sha-ka-fashe don a ce sun yi kyau.

Al'adarmu ma tana da hannu. Mun taso ana ganin ƙiba alamar hutu ce, wanda ya rame kuwa a bi shi da "Lafiya kuwa?" Mai gida yana auna karamcinsa da tudun shinkafar da ya ajiye wa baƙo. Ga tsadar rayuwa, wadda ta sa abin da talaka ke iya cika ciki da shi bai wuce gari, taliya da mai ba. Akwai kuma wanda ƙibarsa ta gado ce, ko ta haihuwa, ko ta wani magani da yake sha, irin wannan likita ya kamata ya gani, gori ba ya ƙara masa komai. Duk da haka akwai sauran dama a kasuwarmu: wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, gero da dawa ba su fi ƙarfin mai cefane ba kamar nama. Malamai kuma tun muna makarantar allo suke karantar da mu a kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi kowa da rabonsa.

Saura mu kakanni. Mu ne ke shigowa gida da alewa da biskit da lemo a leda, jikoki su rugo, mu ji daɗi an yi murna da mu. Harshen yaro abin da aka saba masa shi yake nema har girmansa, kuma yaƙin da tsofaffi ke yi da shi a shekara sittin tun a shekara shida ake iya kashe shi. Tsaraba ba za ta fasa ba, sai dai a sauya abin da ke cikin ledar. Gyaɗa, aya, goruba, gwaiba da mangwaro duk suna sa yaro ya yi wa kakansa oyoyo, kuma yaron da ya tashi a kansu ba zai wayi gari yana kokawa da bakinsa ba.