Gyaran Tsohuwar Motar Soja a Garejin Gida: Tsakanin Faransa da Ƙasar Arewa

Ba'are, wato ɗan ƙasar Arewa, wanda karatu ko neman abinci ya kai shi Faransa, musamman kewayen birnin Liyon inda kamfanin Berliet ya kafu, da wuya ya daɗe bai ci karo da abin da zai tuna masa da tashar Dogon Dutsi ba, wato tsohuwar babbar motar soja mai ƙafa shida a fake cikin rumfar wani gida, mai gidan kuwa yana kwance a ƙarƙashinta ranar Asabar da sifana a hannu. Kewar gida ce take fara kama shi, domin ƙarar injin da warin gazuwal, wato man dizal, iri ɗaya ne da na ranar kasuwa a gida. Ɓacin rai kuma yana biyo baya da zarar ya lura cewa a bayan rumfar akwai mota ta biyu irin ta farko sak, wadda aka sayo don a cire mata abubuwa biyar ko shida kawai, sannan a kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka saura da wuta su ɗora a sikeli. Sau da yawa injin motar da ake yi wa haka yana tashi, shasinta ba shi da tsaga, kuma da a Matankari take ko a Kore Mairuwa, da ta ƙara shekaru tana jigilar gero da wake da itace.

Motar da aka fi gani a irin waɗannan rumfuna ita ce Berliet GBC 8 KT, wadda rundunar sojan Faransa ta fara karɓa a farkon shekarun 1960, kuma tana da alaƙa da ƙasar Nijar tun kafin a ƙera ta. A watan Nuwamba na 1959 ne ayarin motoci tara samfurin Gazelle, wanda shi ne magabacinta, ya tashi daga Wargala ta Aljeriya ya ratsa hamadar Tenere har zuwa Fort-Lamy, birnin da ake kira Njamena a yau, domin kamfanin ya nuna cewa babbar mota za ta iya keta rairayi da kaya a bayanta. Injin GBC 8 KT yana da silinda 5, girmansa ya kusa lita 8, ƙarfinsa doki 125 ne, kuma dukan ƙafafunta shida suna iya ja a lokaci guda, abin da ake nufi da 6x6 ke nan. Sunan Berliet ya fara ɓacewa bayan da aka haɗe kamfanin da Saviem a 1978 ƙarƙashin Renault, amma ita rundunar ba ta rabu da motar ba, domin tun daga ƙarshen shekarun 1990 ta sa aka sabunta dubbai daga cikinsu, aka bar shasi da gadojin ƙafa yadda suke, aka ɗora sabon kai da sabon inji, aka kira su GBC 180. Waɗanda ba a sabunta ba su ne suka watsu a hannun farar hula.

Hanyar fitarsu daga bariki ita ce gwanjon hukumar kadarorin gwamnati da ake kira Domaines, kamar yadda a Jamus kamfanin VEBEG yake sayar da rarar kayan gwamnati, ciki har da motocin Mercedes masu gajeren hanci, dangin 911 da kowane direba daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato ya sani. Motar da ta shekara 30 ana iya yi mata rajista a matsayin kayan tarihi, bayan an samo takardar shaida daga tarayyar masu tsofaffin motoci ta FFVE, kuma duk da haka mai ita yana buƙatar lasin tuƙi rukunin C tun da nauyinta ya haura tan 3.5. Sharaɗin wannan rajista shi ne ba za a yi sana'a da motar ba. Ma'ana mutum zai shekara biyu ko uku yana gyara, ya kashe dukiya, sannan ya fito da ita sau kaɗan a shekara zuwa taron tunawa da yaƙi ko baje kolin ƙauye, bodinta fayau ba ko buhu ɗaya. Wanda ya taso yana ganin yadda ake rububin mota a hanyar Sukukutan ko Dogon Kiriya da damina, lokacin da ƙananan motoci suke kafewa, zai ji ciwon wannan, ko da yake zai yi wuya ya hana kansa sha'awar ƙasar da mutum yake iya gyaran mota don nishaɗi kawai, ba tare da iyali suna jiran kuɗin lodi ba.

Dalilin yanka mota ta biyu yana cikin farashin awa. A garejin manyan motoci na Faransa ana lissafin aikin hannu da awa, kuma awa ɗaya takan kai Yuro 80 ko ta wuce, wanda a tsayayyen canji na sefa 655.957 kowace Yuro ya haura jika 52, alhali mafi ƙanƙantar albashin wata a Nijar, bayan ƙarin da aka yi a farkon 2024, jika 42 ne. A wurin da awar makanike ta fi albashin wata na gida, babu mai zama ya kwance kik ya sake naɗa masa waya. Abin da ake yi shi ne musanya, wadda suke kira échange standard: a cire abin da ya lalace ɗungurungum, a aika da shi, a karɓi wani da aka riga aka gyara a masana'anta. Idan kuwa samfurin ya tsufa har musanyar ta yi tsada ko ta ƙare, sai lissafi ya nuna cewa sayen mota sukutum daga wani manomi da ya gaji da ita ya fi araha, kuma tun da wurin ajiya ma kuɗi ne, maƙwabta kuma ba sa son ganin mushen mota, sai a hanzarta rabuwa da saura. Lissafin ba shi da kuskure a inda aka yi shi, amma sanin haka bai rage zafin ganin gadar ƙafa mai lafiya a cikin tarin ƙarfen da za a narka ba.

A nan Ba'are yana da abin alfahari na gaskiya, domin makaniken gida da ke aiki a gindin bishiya da yaransa ya san cikin kowane abu da Bafaranshe yake aikawa a kwali ba tare da ya buɗe ba, kuma yana gane ciwon inji da kunne tun mota tana nesa. Sai dai alfaharin yana raguwa idan aka dubi teburin garejin gida na Faransa, inda littafin da rundunar ta buga don motar yake a buɗe, da zanen kowane noti da adadin ƙarfin da za a ɗaure shi, ga kuma sifana mai awo da take yin ƙara idan an kai adadin. Sau da yawa gasket na kan silinda da ke ƙonewa bayan an sauke inji a gida, ɗaurin ido ne yake jawo shi, domin notunan kan silinda suna da tsarin bi, daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye biyu ko uku, kuma hannu komai gwanintarsa ba ya maimaita ƙarfi ɗaya sau ashirin. Duk wanda zai aika wa ɗan'uwansa makanike tsaraba daga Turai, sifana mai awo da kwafin littafin motar sun fi masa wayar hannu amfani.

Motar da ta daɗe a ajiye ba a fara ta da makulli. Ana fara juya injin da hannu ta notin gaba, domin a tabbatar fistin bai kama ba kuma ruwa bai taru a silinda ba, sannan a zubar da tsohon gazuwal gaba ɗaya, tun da ruwa yana kwanciya a ƙasan tanki, wata irin cuta baƙa mai yauƙi kuma tana girma tsakanin ruwan da man, ita ce take toshe filta kwana biyu bayan an ɗauka an gama. Bayan an sauya filtoci a fitar da iska daga layin mai, daga filta zuwa famfon injekta zuwa nozul. Kafin a buga kik, wajibi ne wani ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin shan iska, saboda tsohon injin dizal yana iya fara shan baƙin mansa ya ruga da gudu ba tare da ya saurari makulli ba, kuma toshe masa iska ne kaɗai yake kashe shi kafin ya tarwatse. An ƙera injin GBC don ya ƙona gazuwal da kananzir har da fetur idan yaƙi ya tilasta, wannan kuwa yana iya ruɗar mai mota a yankin da fetur na kwalba yake shigowa ta iyakar Kebbi da Sakkwato. Amma maiƙon gazuwal ne yake shafa cikin famfo da nozul, fetur kuwa busasshe ne, don haka arahar yau gyaran famfo ce gobe.

Wutar waɗannan motoci volt 24 ce, daga batura masu 12 da aka jera, kuma ɗabi'ar jan waya daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya tana kashe su duka, domin ɗaya yana zama cikin yunwa ɗayan kuma yana ƙonewa da caji. Ƙaramin akwatin rage wuta daga 24 zuwa 12 yana magance wannan. Birki kuwa roba ce take fara mutuwa a cikinsa, ko an yi tafiya ko ba a yi ba, saboda haka tiyo da sil duka a sauya su ba tare da jiran su yi yoyo ba, a kuma riƙa buɗe ƙasan tankunan iska kowace safiya don ruwa ya fita. Akwai wani abu da Faransawa suke tsoro wanda a gida ba a cika kula da shi ba, wato asbestos, wani ma'adini mai zare da ake saƙa takalmin birki da faifan kuloci da shi a da, wanda ƙasar ta haramta daga 1 ga Janairu 1997 saboda ƙurarsa tana jawo ciwon dajin huhu bayan shekaru masu yawa. Yaron gareji da ake sa ya hure gangar birki da iska ko da baki shi ne yake shaƙar ta, alhali jiƙa wurin da ruwa da goge shi da tsumma ba ya cin ko dala.

Taya tana cikin sassan da suke iya kashe mai gyara. Yawancin tsofaffin motocin soja suna da rim mai zobe, wanda idan bai zauna daidai ba yakan fizge da ƙarfin da zai raba mutum da ransa, don haka a sace iska duka kafin a taɓa noti, a kuma hura ta a cikin keji, ko aƙalla a ɗaure da sarƙa zoben yana kallon ƙasa, mai hurawa yana gefe. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, wadda take da uku kuwa ta girmi shekarar 2000. Bafaranshe yana jefar da taya mai cikakken zane don shekarunta kawai, abin da yake kama da almubazzaranci, amma a kwaltar da ta tashi daga Dosso zuwa Dogon Dutsi a watan Afrilu, da lodi fiye da kima, tsohuwar roba ba ta ba da sanarwa, musamman a ƙafar gaba. Ƙafafun baya huɗu kuma su zama tsayi ɗaya, a kuma cire jan gaba da zarar an hau kwalta, in ba haka ba haƙoran gada da na akwatin raba ja suna cin junansu. Cire tamostat, wato ƙaramin bawul da ke riƙe zafin inji a daidai, ya zama al'ada a ƙasashe masu zafi, amma injin da ba ya kai zafinsa yana cin ringi da mai, kuma ainihin ciwon yana cikin lagireton da ruwan rijiya ya toshe da farar ƙasa. Ruwan sama da aka tace ya fi masa, filtar iska mai kwanon mai kuma a wanke ta akai-akai lokacin hunturu.

Duk da haka hankali yana komawa kan motar da ke bayan rumfa, domin tana ɗauke da abin da ake nema ido rufe a gida. Ba'aren da ya yi sabo da masu wannan sha'awa yana iya isa kafin mai wutar yanka, ya biya abin da ya ɗara farashin sikeli kaɗan, ya ceci famfon injekta da nozul, kik da altaneta, akwatin raba ja, sandunan gada, akwatin sitiyari da ganyen sifirin, ya rubuta lambar kowanne da samfurin motar a jikinsa da fenti, ya toshe bakunan famfo don kada ƙura ta shiga. Masu motocin sukan yi murna da hakan, domin su ma ba da son ransu suke yankawa ba.

Aiko da mota sukutum ya fi wahala. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 gadar Malanbil da Gaya, wadda ita ce hanya mafi kusa daga tashar ruwan Kwatano zuwa jihar Dosso, ta daina aiki yadda aka saba, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Mota mai asalin soja tana kuma buƙatar takardun da ke nuna cewa rundunar ta sake ta kuma an yarda a fitar da ita, waɗanda ya kamata a kammala kafin a biya kuɗin jirgi. Fentin ma ba ƙaramin abu ba ne: Bafaranshe yana wahalar neman ainihin koren soja da lambobin runduna don motarsa ta yi kama da ta 1965, amma a halin tsaron da gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suke ciki, motar farar hula mai wannan launi haɗari ce ga direba da fasinja, don haka a fente ta shuɗi ko fari, a cire fitilun yaƙi da maratayan bindiga, tun tana Faransa.