Masu Da'awar Aya Sofiya Uku Ne

A ranar 10 ga Yuli, 2020, babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati a Turkiyya ta soke hukuncin da majalisar ministocin Mustafa Kamal Ataturk ta zartar a Nuwamba 1934, wanda ya mayar da Aya Sofiya gidan tarihi. Bayan mako biyu aka yi sallar Juma'a a cikinta. Fafaroma Francis ya ce abin ya sosa masa rai, hukumar UNESCO ta yi ƙorafin ba a shawarce ta ba, Musulmi da dama kuwa suka yi farin ciki. Hujjar da aka fi maimaitawa a lokacin ita ce da an bar ginin a gidan tarihi, tun da gidan tarihi ba ruwansa da addinin kowa. Hujjar na da daɗin ji, amma tarihin ginin bai goyi bayanta ba.

Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya gina shi a birnin Kustantiniyya, wanda kakanninmu ke kira Santambul, tsakanin 532 da 537, bayan tarzoma ta ƙone majami'ar da ke wurin. Ya shekara 916 yana coci, kodayake ko a tsakanin Kiristoci bai zauna lafiya ba: a nan aka yi baram-baram tsakanin cocin Gabas da na Roma a 1054, kuma a 1204 mayaƙan Salibiyya, Kiristoci 'yan uwansu, suka washe shi. Da Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453 sai ya mayar da shi masallaci, ya yi wakafinsa. Aka ƙara hasumiyoyi da mumbari, aka kafa mihirabi wanda ya ɗan karkace daga tsakiyar ginin don ya daidaita da alƙibla. Can sama da mihirabin akwai hoton Nana Maryam riƙe da ɗanta, wanda aka haɗa da ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya tun ƙarni na tara.

Yanzu a duba zamanin da aka yi hukuncin 1934. An rushe halifanci a 1924. A 1925 aka rufe zawiyoyin ɗariƙu, aka hana sa jar dara. A 1928 aka sauya haruffan Larabci da na boko, daga 1932 kuma aka koma kiran salla da Turkanci. Rufe babban masallacin sarakunan Usmaniyya wani mataki ne a wannan tafiya, kuma saƙonsa a fili yake: sabuwar jamhuriya ta raba gari da daular da ta gada. Har manyan allunan nan masu ɗauke da sunan Allah da na Manzo da halifofinsa an sauke su, sai dai girmansu ya hana a fitar da su ta ƙofa, daga baya aka mayar da su inda suke. Gidan tarihin, ke nan, mai da'awa ne na uku da ya shigo da tasa aƙidar, ya kuma yi nasara na shekara 86.

Ba za a tauye masa haƙƙinsa ba. A zamaninsa ne Ba'amurke Thomas Whittemore da abokan aikinsa suka kankare shafen da ya rufe hotunan Rumawa, har mutum ya iya tsayawa wuri guda ya ga aikin dauloli biyu a bango ɗaya. Wannan riba ce ta gaske.

Kotun 2020 ba ta shiga wannan muhawara ba. Ta tsaya kan mas'alar da duk ɗalibin fiƙihu ya sani: wakafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a kuma juya shi daga abin da mai shi ya yi shi dominsa. Alfatih ya ce masallaci, don haka majalisar ministoci ba ta da hurumin cewa wani abu daban. A ma'aunin shari'a hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ta fara lissafi ne daga 1453, ta yi shiru a kan yadda ginin ya shiga hannun mai wakafin. Malamai suna da amsa, domin sun bambanta garin da aka ci da yaƙi da wanda ya miƙa wuya bisa sulhu. Amma amsa ce da ba ta gamsar da wanda aka ci.

A nan ne birnin Kurɗuba na Andalus ke zama jarrabawa. Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina masallacinsa wajen 785, Kiristoci suka karɓe shi a 1236, a ƙarni na 16 kuma suka dasa majami'a a tsakiyarsa. Yau Musulmi zai biya kuɗi ya shiga kallo, amma ba a barinsa ya yi salla. Wanda ya kafa hujja da cin yaƙi a Santambul ba shi da bakin kuka a Kurɗuba, haka ma wanda ya zubar da hawaye saboda Aya Sofiya bai taɓa tambayar halin Kurɗuba ba. Kaɗan ne daga kowane ɓangare ke yarda a auna gine-ginen biyu da mudu ɗaya. (An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi yin salla a cikin babbar majami'ar Ƙudus don kada na baya su karɓe ta da sunansa. Ana yawan ambaton riwayar, ba a cika son bin ta zuwa ƙarshenta ba.)

Mayar da Aya Sofiya coci ba wanda ke nemansa da gaske. Girkawan da suka rage a birnin 'yan dubbai ne kaɗan, musamman bayan farmakin da aka kai musu a 1955, kuma shugaban cocinsu, Bartholomew, roƙonsa shi ne a bar ta gidan tarihi. Masallaci ne zai ci gaba da zama, kuma mutanen da ke cika sahu a cikinsa ba baƙi ba ne a wurin da kakanninsu suka shekara 481 suna salla.

Abin da ya rage a sa wa ido shi ne riƙon amana. Mai masallacin ya gaji kayan da ba nasa ba, kuma sarakunan Usmaniyya sun nuna ana iya riƙe su: lokacin gyaran 1847 zuwa 1849, Sarki Abdulmajid ya bari aka buɗe hotunan, aka zana kwafinsu, aka sake rufe su ba tare da an farfasa ba. Yau labule ne ke kāre hoton Maryam daga idon masu salla. Tun Janairu 2024 baƙo mai yawon buɗe ido yana biyan Yuro 25, ya hau bene ya leƙo daga sama, ƙasa kuwa ta masu ibada ce. A 2022 an ga ɓarna a jikin tsohuwar ƙofar da sarakunan Rum ke shiga, abin da ya tayar da tambaya kan yadda ake lura da cunkoso. Ga kuma kubbar kanta, wadda ta taɓa rushewa a 558 bayan girgizar ƙasa, a birnin da masana ke tsammanin wata babbar girgizar. A 2025 aka fara aikin ƙarfafa ta, ana kuma ci gaba da salla a ƙarƙashinta.