Gyaran Inna Mai Masa

Tun kafin ladan ya kira assalatu, hayaƙi ke tashi daga wata rumfar kara a unguwar Bilbis, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Tawa. A nan wata dattijuwa, wadda kowa ke kira Inna, ta shafe shekaru tana toya masar gero. Da hantsi ya yi, ba a samun ko gutsure. Ƴan makaranta, masu kabu-kabu, ma'aikata, har da fasinjojin Abalak da Cintabaradan, duk a gaban tandarta suke haɗuwa.

Sirrin masar ba ɓoyayye ba ne. Gero ake surfewa a wanke, a jiƙa, a kai niƙa, a dama ƙullu da yamma, a bar shi ya kwana ya yi tsami. Tsamin nan ne ke sa ta tashi, cikinta ya yi laushi, gefenta ya yi ƙarau a cikin man gyaɗa. Mai son sukari a barbaɗa masa, mai son yaji a zuba masa na ƙuli-ƙuli. Inna ba ta tambaya sau biyu: ta san bakin kowa, ta kuma san wanda ke ci bashi har sai ɗan'uwansa da ya tafi bida Abijan ya aiko.

Sai dai abin da ya fi jan mutane shi ne gyara. Wanda ya sayi ta dala 20, sai ta ɗora masa ɗaya a kai. Kalmar kanta abin lura ce ga mai nazarin harshe. Aikatau ne mai nufin daidaita abin da ya ɓaci, amma a kasuwa ya zama sunan ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan an gama ciniki. Kamar dai Bahaushe na ganin kuɗi kaɗai ba sa cika ciniki, sai an ɗora wani abu da ba a biya ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Ƙonni, kayan masarufi suka hau. Ribar Inna ta soma narkewa. Ɗiyarta ta ba ta shawarar da masu toya da yawa suka bi: a sauya ludayi da ƙarami, ko a tsinka ƙullu da ruwa, ramukan tanda ba za su tona asiri ba. Inna ta ƙi. Ta bar masa yadda take, ta janye gyara.

Wani matashin malamin firamare, wanda tun yana ɗan aji uku yake cin masarta, shi ne ya fara magana.

"Inna, yau babu gyara?"

"Ɗana, gaskiya nika hwaɗa maka. In na rage masa, na cuce ka ba ka sani ba. In na hana gyara, ka gani da idonka."

Maganar ta fito da Adaranci tsantsa, da "hw" ɗin nan da Bernard Caron ya bayyana a littafinsa na 1991 kan Hausar Adar. Amma malamin bai tsaya sauraron karin harshe ba. Ransa ya ɓaci, ya koma wajen mai shayi da burodi a bakin tasha. Wasu ma suka bi shi, wasu suka koma inda ake ba da gyara a kan masar da ta ƙanƙance. Akwai ranakun da ƙullu ya yi saura, abin da bai taɓa faruwa ba, har ɗiyar ta daina zuwa taya ta zama don takaici.

Lissafi ne ya dawo da malamin. Wata safiya ya sayi masa a wata rumfa, aka yi masa gyara har biyu, amma kafin a tashi tara yunwa ta kama shi a gaban allo. A nan ya gane cewa shida ƙanana ba su kai huɗun Inna ba, kuma gyaran da aka yi masa daga cikin kuɗinsa aka yanko shi. Washegari ya koma Bilbis, ya durƙusa ya gaishe ta, bai ce komai ba. Ita ma ba ta ce komai ba, ta zuba masa yaji kamar kullum.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma farashi bai sauko da saurin da ya hau ba. Ba dukan masu sayen ne suka dawo ba. Gyaran kuwa ya dawo bayan kaka, lokacin da sabon gero ya shigo kasuwa. Ranar da ta sake ɗora wa malamin ta biyar a kan huɗu, ya miƙa hannu zai ƙara kuɗi, ta ture hannun.

"Wannan ba ta saye ba ce, ɗana. Tahi, yara na jiran ka."