Ampilin kawuna

Kawuna mai gyaran rediyo ne a Gazawa. A wurinsa na koyi haɗa ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin murya. Mun ciro fitilun kwalba biyu daga wata tsohuwar rediyo. Wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙago irinsu a 1906. Muka liƙa wayoyi da dalma, muka haɗa lasifika.

Da muka kunna, fitilun suka yi ja, amma lasifika sai gunji take yi. Ga shi mai gari yana jiran ampilin don shelar allurar ƙyanda.

Kawu ya ce: "Ɗana, kada ka sa hannu ciki. Wutar ta kai bolt 250. Wannan ɗan gwangwanin, kondansatar, yana riƙe ta ko an kashe."

Ya sauke wutar tukuna, sannan ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ashe zafi ne ya busar da kondansatar. Muka sake shi, murya ta fito sarai.

Washegari shela ta kai har bayan gari, mata suka kawo ƴaƴansu. Gyara sai da haƙuri.